Furosesa da madabod: inda kuɗin mai haɗa kwamfutar gem ke zurarewa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon kwamfuta ya san tambayar da matasa ke fara yi kafin gaisuwa ta ƙare: "Core i nawa ce?" In aka ce i7 sai fuska ta saki, in aka ce i3 sai a kama hanya. Wannan tambaya ta ci kuɗin mutane da yawa, kuma abin yana damuna, domin yawancin masu son haɗa kwamfutar gem a wajenmu tari suke yi wata da watanni, wasu har da sayar da waya, kafin kuɗin su kai.

Ga inda matsalar take. Furosesan kamfanin Intel mai suna Core i7-3770 ya fito a 2012. Core i3-12100 ya fito a 2022. Kowannensu ƙwayoyin aiki huɗu gare shi, wato sassan da ke yin lissafi a cikin furosesa, amma ƙaramin mai suna i3 ya yi wa dattijon fintinkau a kowane wasa, saboda shekara goma na gyaran ƙira ne a tsakaninsu. Sunan i3, i5 ko i7 matsayi ne kawai a cikin 'yan shekara ɗaya. Lambar da ke biye ita ce ke faɗin zamani: 12 a farkon 12400 na nufin zubi na 12, kamar yadda 5 a farkon Ryzen 5600 na kamfanin AMD ke nufin jerin 5000. Wanda bai iya karanta wannan lamba ba, ko nawa ya riƙe, a hannun mai shago yake.

To amma ko lambar ma ba daga ita ake farawa ba. Daga monita da irin wasan da za ka buga ake farawa, sannan a dawo baya.

Ka ɗauki shagon tela a makon Sallah, akwai mai yanka akwai mai ɗinki. Furosesa shi ne mai yanka. Kafin kowane hoto ya bayyana a monita, shi ke lissafa inda kowane ɗan wasa yake, inda ƙwallo za ta faɗi, ko harsashi ya sami mutum ko ya kuskure, abin da ka danna da abin da abokin karawarka ya danna ta intanet. In ya gama sai ya miƙa wa katin hoto, wato mai ɗinki, shi kuma ya zana. In mai yanka yana da nawa, mai ɗinki zaman jira zai yi komai tsadar kekensa. In kuma mai ɗinki ne ba ya sauri, yankakken yadi ne zai taru a tebur, ƙara wa mai yanka almakashi ba zai fitar da riga ko ɗaya ba.

Wasan da ke fitar da hoto 60 a daƙiƙa yana ba su biyun kusan kashi 16.7 cikin dubu na daƙiƙa su gama kowane hoto. In kana son 144, lokacin ya ragu zuwa wajen 6.9. Shi ya sa masu buga Counter-Strike 2, Valorant ko Fortnite, waɗanda ke rage kyawun hoto don su sami gudu, su ne suka fi matsa wa furosesa. Ƙara girman hoto kuwa, daga 1080p zuwa 1440p ko 4K, kusan duk nauyinsa a kan katin hoto yake sauka, aikin mai yanka bai canza sosai ba. Saboda haka wanda zai buga EA Sports FC ko GTA V a talabijin mai hoto 60 ba shi da dalilin sayen furosesa mafi tsada a kasuwa, talabijin ɗin ba za ta nuna masa bambancin ba. Ra'ayina a nan ba ya rawa: a kwamfutar gem, kaso mafi tsoka na katin hoto ne. Furosesa da madabod, wato babban allon da ake dasa duk kayan kwamfutar a kai, su sami abin da ya ishe su, kada su cinye rabonsa.

Nawa ne ya isa? Ƙwayoyin aiki shida na zamani suna ɗaukar kusan duk wasannin da ake bugawa yau. Takwas sun fi sakewa, musamman ga mai watsa wasansa kai tsaye ko mai tace bidiyo. Daga goma sha biyu zuwa sama, aikin ofis da sutudiyo kake saya wa ƙarfi, yawancin wasanni ba su san yadda za su raba aikinsu gida goma sha shida ba. A wajen Intel kuma sai an lura da ƙidayar, domin tun zubi na 12 suke haɗa manyan ƙwayoyi da ƙanana. Core i5-13600K ana rubuta masa 14, amma shida ne manya, takwas ƙanana ne masu ɗaukar ayyukan gefe. Wasa a kan manyan ya fi dogara.

Abin da ya fi yawan ƙwayoyi tasiri a wasa, kuma ba a cika maganarsa a shago ba, shi ne ma'ajiyar da ke cikin furosesan kansa, wadda ake kira L3. Mu koma shagon tela. RAM ita ce sito a bayan shago, L3 kuwa teburin da ke gaban mai yanka. Duk lokacin da abin da yake nema ba ya kan tebur, sai ya tashi ya je sito ya dawo, kuma a ma'aunin furosesa wannan tafiya doguwa ce. Wasanni suna yawan neman ƙananan bayanai a warwatse, don haka faɗin tebur yana yi musu rana ƙwarai. A watan Afrilu na 2022 AMD ta fitar da Ryzen 7 5800X3D, inda ta ɗora ƙarin megabait 64 a kan 32 ɗin da ke akwai, suka zama 96. Gudun agogonsa bai kai na 5800X na yau da kullum ba, amma a wasanni da yawa ya wuce shi nesa. Daga nan 7800X3D ya biyo a 2023, sai 9800X3D a watan Nuwamba na 2024. Amfaninsu ba a yawan hoto kawai yake ba. Ya fi fitowa a lokacin da wasa ya cakuɗe, gurneti ya fashe, mutum goma suka taru wuri ɗaya, inda wata kwamfutar za ta ɗan sarƙe na ƙiftawar ido. Wannan sarƙewar ita ce ke sa a harbe ka kafin ka gani. Sai dai kuɗinsu ba wasa ba, 7800X3D a kan dala 449 ya fito, kuma in katin hotonka matsakaici ne, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Haruffan ƙarshen suna ma suna da magana. A Intel, F na nufin babu ɗan katin hoto a cikin furosesan, dole sai da kati na daban kafin monita ta nuna komai. K na nufin an bar shi a buɗe ga mai son ƙure masa gudu. A AMD, G na nufin yana ɗauke da ɗan katin hoto mai ɗan ƙarfi a ciki. A nan mutane ke faɗawa rami: Ryzen 5 5600G da Ryzen 5 5600 sun yi kama a suna, amma na farkon megabait 16 na L3 gare shi, na biyun 32. In kuɗin kati bai samu ba tukuna, 5600G zai riƙe ka ka buga ƙananan wasanni kafin ka tara. In kuwa kana da kati a hannu, wanda ba shi da G ɗin ya fi maka.

Yanzu ga madabod. Ba a sayen furosesa shi kaɗai, aure ake ɗaurawa, kuma sharaɗin farko shi ne soket, wato mazaunin da furosesa ke zama. In bai dace ba, babu dabara, babu adafta. Huɗu ne za ka fi cin karo da su. AM4 na AMD ya fito tun 2016, ya ɗauki Ryzen daga jerin 1000 har 5000, kuma RAM ɗinsa DDR4 ce. AM5 ya zo a 2022 da Ryzen 7000, DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma AMD ta ce za ta ci gaba da fitar masa da furosesa har 2027 ko bayan haka. LGA1700 na Intel ya ɗauki zubi na 12, 13 da 14, daga nan aka rufe shi. LGA1851 ya gaje shi a watan Oktoba na 2024 da jerin Core Ultra 200S, shi ma DDR5 zalla.

Tarihin AM4 ya isa a tsaya a kansa, domin shi ne hujjar masu cewa a duba tsawon ran soket. Mutumin da ya sayi bod mai B350 a 2017, da yawansu sun iya ɗora 5800X3D a kansa shekara biyar bayan nan, ba su canza RAM ba, ba su canza akwati ba, sabunta BIOS kawai suka yi. Ga mai sayen kaya da naira ko sefa, wanda canjin dala ke yi wa tsalle kowace shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma kada a wuce gona da iri. AM4 da LGA1700 sun kai ƙarshen hanyarsu, duk da haka Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F a kan bod mai sauƙin kuɗi da DDR4 har yanzu haɗi ne mai kyau ga mai buga 1080p. In bambancin kuɗin da ke tsakaninsu da AM5 zai ɗaga ka daga ƙaramin kati zuwa na gaba da shi, ni dai katin zan zaɓa, domin shi za ka gani da idonka yau. Alkawarin canza furosesa bayan shekara huɗu, da yawa ba sa cika shi.

LGA1700 yana da wani tarko nasa. Furosesan yana iya aiki da DDR4 ko DDR5, amma kowane bod ɗaya kawai yake karɓa, kuma ramukan ba sa shiga juna, tsagar da ke ƙasan RAM ɗin ba wuri ɗaya take ba. Bod biyu za su iya zama da suna kusan iri ɗaya, bambancin kawai a ga D4 ko DDR4 a ƙarshen sunan ɗaya. Ka karanta kwalin da kanka kafin ka sayi RAM.

Ko soket ya dace, saura BIOS, ɗan shirin da ke cikin bod wanda ke gane furosesa tun kafin Windows ta tashi. Bod ɗin da aka ƙera kafin furosesa ya fito bai san shi ba. B450 yana buƙatar sabuntawa kafin ya karɓi Ryzen 5000, tsohon B650 kafin Ryzen 9000, B660 kafin zubi na 13. In ba a yi ba, za ka haɗa komai daidai, fanka ta juya, fitilu su kama, monita ta tsaya baƙi ƙirin, ka ɗauka an sayar maka da mataccen kaya. Kowane kamfanin bod, ASUS ne ko MSI ko Gigabyte ko ASRock, yana da jerin furosesan da kowane bod ke karɓa a shafinsa, tare da lambar BIOS da ake buƙata. Minti biyar za ka kashe ka duba. Sannan ka nemi bod mai ɗan maɓalli a baya da ke sabunta BIOS daga filashi ko babu furosesa a kai. ASUS na kiransa BIOS FlashBack, Gigabyte kuma Q-Flash Plus. A ƙasar da za a iya ɗauke wuta ba sallama, wannan maɓalli yana da daraja ta biyu: in wuta ta yanke ana tsakiyar sabuntawa, bod na iya sumewa, kuma sau da yawa da wannan maɓallin ake farfaɗo da shi. Duk da haka kada ka fara sabunta BIOS sai a kan inbata ko UPS mai cikakken caji.

Mai niyyar sayen Intel zubi na 13 ko 14, musamman i7 da i9 da masu K, ya kamata ya san abin da ya faru a 2024. An yi ta samun wasanni suna rufewa da kansu, daga baya Intel ta tabbatar cewa furosesan suna neman wutar da ta wuce kima, abin da ke lalata su a hankali. Ta fitar da gyara ta hanyar BIOS a watannin Agusta da Satumba na shekarar, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana kare lafiyayye, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya lalace. Sabo a kwali da BIOS na yanzu, babu laifi. Na hannu kuwa, wanda ba ka san irin wahalar da ya sha ba, kuma babu takardar da za ka kai ƙara da ita, ni ba zan ba ɗan'uwana shawarar ya saya ba. Zubi na 12 ba ya cikin wannan matsala.

Sai cipset, wato harafi da lambar da ke cikin sunan bod. Gaskiyar da masu talla ba sa so a faɗa ita ce madabod ba ya ƙara gudun wasa. Furosesa ɗaya a kan B650 da kan X670 hoto ɗaya zai ba ka. Abin da kake biya a manyan shi ne ƙarin ramukan SSD, ƙarin USB, da hanyoyin faɗaɗawa da mai gem bai cika taɓawa ba. A Intel, ƙure gudun furosesa sai an haɗa mai K da bod mai Z, irin Z790. In ba za ka yi ba, B760 ya wadatar. A AMD, yawancin masu B ma suna ba da wannan dama. Na ƙasa su ne A520, A620 da H610, kuma a nan araha ba ta ado: H610 ba ya barin RAM ta wuce gudun da Intel ta yanka mata, yawancinsu ramin RAM biyu ne, kuma sashen wutarsu a tsuke yake. Tsakiya, wato masu B, nan ne kuɗi ke yin daidai da amfani.

Sashen wutar nan, da ake kira VRM, shi ne abin da nake fara dubawa a kowane bod, kuma a ƙasarmu ya fi cipset muhimmanci. Wutar da ke fitowa daga akwatin wutar kwamfuta bolt 12 ce, furosesa kuwa bolt ɗaya da 'yan kai yake sha. Waɗansu ƙananan na'urori da ke jere a gefen soket su ke sauke ta, kuma suna zafi sosai a kan aikin. A bod mai kyau za ka ga an rufe su da ƙarfe mai tsaga-tsaga don ya kwashe zafin. A mai araha tsirara suke. In suka yi zafi fiye da kima, bod zai rage wa furosesa gudu don ya ceci kansa, sai ka ga wasan da ya fara lafiya ya soma ja da baya bayan rabin awa. Masu gwada kaya a Turai da Amurka galibi a ɗaki mai sanyi suke aunawa, wajen digiri ashirin da 'yan kai. Ɗakin da ke Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, lokacin da waje ke haura digiri 40, wani abu ne daban. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru, kayan cikin akwati ma sun ƙaru da kusan haka. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe fanka cikin 'yan makonni.

Wannan ne ya sa nake ganin furosesa masu wat 65, irin Ryzen 5 5600, Ryzen 5 7600 da i5-12400F, kamar don mu aka yi su. Ba sa wahalar da VRM, suna zuwa da fankarsu a kwali, kuma ba sa zuƙe batirin sola. Ka kwatanta da i9-14900K da aka yarje wa ya sha har wat 253 shi kaɗai, ban da katin hoto. Masu K da masu X3D ba sa zuwa da fanka, sai ka saya daban, ka sa wannan a lissafi tun farko. Ko ga masu zuwa da ita ma, fanka mai tsayi irin ta hasumiya ba ta da tsada sosai, kuma a zafinmu tana rage ƙara da zafi yadda za ka ji a jikinka.

Akwai maganar PCIe, hanyar da kati ke magana da furosesa. B450 da A520 a zubi na 3.0 suka tsaya, B550 yana ba kati 4.0. Ga katin da ke amfani da layi 16 cikakku, bambancin kaɗan ne. Amma wasu katunan masu sauƙin kuɗi an rage musu layi, RTX 4060 takwas gare shi, RX 6500 XT huɗu kacal, kuma wannan na ƙarshen yana jin jiki sosai a kan 3.0. Girman bod kuma bai kai a daɗe a kansa ba. ATX shi ne babba, microATX ya fi shi gajarta kuma ya fi araha, mini-ITX ɗan ƙarami ne mai tsada da wuyar sanyayawa. Kati ɗaya za ka sa, microATX ya ishe ka, in dai yana da ramin RAM huɗu da na SSD biyu. In da hotspot na waya kake shiga intanet, ka nemi mai Wi-Fi a jikinsa.

Da yawanmu na hannu za mu saya, ko a kasuwar Computer Village da ke Ikeja ko a shagunan garinmu, kuma babu aibu a ciki. Furosesa yana da wuyar mutuwa, bod ne abin tsoro. A AM4 filolin suna jikin furosesa, ka juya shi ka duba ko akwai wanda ya lanƙwashe. A AM5 da na Intel filolin suna cikin soket ɗin bod, siraran gaske, 1,718 a AM5, kuma ɗaya in ya karkace zai iya kashe ramin RAM ko ya hana tashi gaba ɗaya. Ka haska fitilar waya a karkace, duk wanda ya kauce zai yi ƙyalli daban da 'yan'uwansa. Kada ka biya sai an tayar da shi a gabanka, an gwada kowane ramin RAM.

Tsofaffin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex suna jan hankali saboda araha, amma da yawansu bod ɗinsu da mahaɗin wutarsu ƙirar kamfanin ce ta musamman, akwatin wutar kasuwa ba ya shiga kai tsaye, nasu kuma ba shi da ƙarfin ɗaukar babban kati. Haka haɗin tsofaffin Xeon da bod ɗin X99 da ake turowa daga Sin: ƙwayoyi da yawa, amma kowace ƙwaya a hankali take tafiya, wasa kuwa saurin ƙwaya yake so. Ga kuma batun Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 na Intel da Ryzen 2000 take farawa, tana kuma neman sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Ana iya zagaye wannan sharaɗi a ɗora ta, amma Valorant a kan Windows 11 ba ya buɗewa sai da TPM 2.0 da Secure Boot a kunne.

In an gama haɗawa, akwai abubuwa uku da na sha gani suna cinye ƙarfin da mutum ya riga ya biya. RAM sanda biyu ake sawa, ba ɗaya babba ba, domin furosesa ta hanya biyu yake ɗebo bayanai, kuma a yawancin bod masu rami huɗu, na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake fara cikawa. Sannan RAM ba ta tashi da gudun da aka rubuta a kwalinta sai ka shiga BIOS ka kunna XMP, ko EXPO a kan AM5, inda DDR5-6000 ta fi dacewa. In ba haka ba, wadda ka saya a matsayin 3200 za ta iya zama a 2133 shekara da shekaru ba ka sani ba. Na ukun shi ne wayar monita. Bayan akwati akwai ramin HDMI a sama, jikin madabod, akwai wani a ƙasa, jikin katin hoto. A na ƙasan ake sawa.